Mun Bar Gara Ta Cinye Yaƙin Bama

A unguwar da muka taso akwai wani tsoho da kowa ke kira Kofur. Ba mu taɓa sanin sunansa na yanka ba, ba mu kuma taɓa tambaya ba. Kullum bayan la'asar yana zaune a kan dakalin ƙofar gidansa, ƙafar hagu a miƙe domin ba ta lanƙwasuwa. Mu kuwa yara, in mun taso daga makarantar allo, sai mu jeru a gabansa muna buga ƙafa muna ihun "lef, rai, lef, rai" har sai ya ɗaga sanda mu watse da dariya. Ranar da ransa ya yi fari yakan kira mu ya shiga ba mu labarin wani daji da rana ba ta ratsa ganyensa, da ruwan sama mai kwana bakwai bai ɗauke ba, da abinci mai saukowa daga sama a cikin laima. Manya sukan ce mu ƙyale shi, wai tun da ya dawo daga Bama kansa bai zauna daidai ba. Mu a zatonmu Bama ta Borno ake nufi.

Ya rasu muna farkon sakandare. Da aka zo kwashe ɗakinsa aka fito da wata adaka ta ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A cikinta akwai lambobin soja guda uku, ɗaya mai siffar tauraro, da wani ɗan littafi mai bangon kwali wanda gara ta riga ta ci rabinsa. Littafin aka watsa bola. Lambobin jikoki suka yi ta wasa da su har suka ɓace. Adakar ce kaɗai aka ga tana da amfani, aka sayar wa 'yan gwangwan.

Sai da muka girma, muka yi karatun kwamfuta, muka shiga sana'ar rubuta manhaja da tsara rumbun bayanai, sannan muka gane abin da aka zubar ran nan. Abin da ya sa muke wannan rubutu ke nan, kuma ba da Turawa za mu fara faɗa ba. Da kanmu za mu fara.

Bari mu tuna wa kanmu abin da ya faru, tunda makarantunmu ba su koya mana ba. Bamar da Kofur yake nufi ita ce ƙasar da yau ake kira Myanmar, tsakanin Indiya da Sin. Kafin a kai ga can ma, sojojin Najeriya sun riga sun yi yaƙi a Gabashin Afirka da Italiya. A watan Fabrairun 1941 suka shiga Mogadishu, daga nan suka bi abokan gaba fiye da mil 1,000 har Harar a ƙasar Habasha cikin kimanin wata guda. Da Japan ta kame Singafo da Rangun a farkon 1942, Ingila ta rasa mazajen da za ta tare ƙofar Indiya da su, sai ta waiwayo Afirka ta Yamma. Aka kafa runduna biyu, ta 81 da ta 82, daga Najeriya da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da Saliyo da Gambiya. Masana tarihi suna ƙiyasta mutum kusan 90,000 ne aka kwasa daga wannan yanki zuwa Asiya, fiye da rabinsu daga Najeriya. Hausa ce harshen bariki a rundunar Najeriya tun kafin yaƙin, ko da yake waɗanda ke cikin kakin ba Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Tibi da Bachama da Dakarkari da Angas da Barebari da Zabarmawa, da 'yan Kudu masu yawa da suka shigo a matsayin direbobi da akawuna da ma'aikatan jinya.

Runduna ta 81 aka tura kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan, inda babu hanyar mota. Da adda da diga suka sara hanya ta wajen mil 75 a cikin duwatsu da kurmi. Ita ce babbar runduna ta farko da aka riƙa ciyarwa gaba ɗaya ta jirgin sama, ana jefo abinci da harsashi da laima. Ashe tsohon ba sambatu yake yi ba. Abin da jirgi ya jefo kuwa, kai ne ke ɗaukarsa. Dubban mutane aka ɗauka aikinsu dako kawai, suna bin masu bindiga da kaya a ka, mafi yawansu ba abin kare kai sai adda. Tambarin runduna ta 82 ma mashi biyu ne a gicciye a kan gammo. Na runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne, Gizon tatsuniya wanda mutanen Gwalkwas ke kira Ananse. A shekarar 1944 aka sauke bataliya uku na Najeriya ta jirgin sama a bayan layin Japan, cikin mayaƙan Janar Wingate da ake kira Chindit. A watan Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace garin Myohaung. Banda harsashi, akwai zazzaɓin cizon sauro da atuni da matsattsaku da damina mai ruɓar da takalmi a ƙafa. Japan ta miƙa wuya a watan Agustan 1945, amma da yawansu sai a 1946 suka ga gida.

Sunayen wuraren nan suna bakinmu kullum ba mu san su ba. Barikin Chindit yana Zariya. Barikin Kalapanzin da na Dalet suna Kaduna. Myohaung da Arakan suna Legas. Barikin Dodan, inda aka mulki Najeriya daga 1966 zuwa 1991, ba shi da dangantaka da dodon da ake tsorata yara da shi, sunan wani wuri ne a Bama. Muna shiga motar haya mu ce a sauke mu Kalapanzin, ba mu taɓa tambayar wace irin kalma ce wannan ba.

In an tayar da wannan magana a zauren hira ko a Facebook, uzuri uku ake kawowa. Za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, wai ai ba yaƙinmu ba ne, na Turawa ne, can su ƙarata. Gaskiya ne ba mu muka haddasa shi ba, ba a kuma shawarce mu ba. Amma yaƙin da aka ɗebi ɗanka aka kai shi, aka binne shi a can, ta yaya zai zama ba naka ba? Yaƙin ma bai tsaya a bakin teku ba, har cikin gida ya shigo. Jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi ta Kano da Maiduguri suke bi zuwa Hartum da Alƙahira. Da Japan ta kame ma'adinan kuza na Malaya, sai aka ɗora nauyin a kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta ɗiban talakawa daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza bisa tilas, abin da iyayenmu suka kira ɗiban gwamna, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa a can. Sarakuna da hakimai su aka ɗora wa samo kurata, kuma duk wanda ya san yadda En'e ke aiki ya san cewa ba ɗan hakimi ake turawa ba. Wasu sun shiga da son ransu, don albashi ko don kaki ko don gudun haraji. Wasu dagaci ne ya nuna su da yatsa. Ko ta wace ƙofa mutum ya shiga, daga gidajenmu ya fita.

Na biyu ya fi nauyi, kuma ba za mu raina shi ba. Masu shi suna cewa wannan rundunar ai ita ce Lugga ya yi amfani da ita ya ci Kano da Sakkwato a 1903, ita ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ita ta shafe Satiru a 1906. Don me za mu girmama sojan Nasara? Duk wannan gaskiya ne, ba mu da niyyar wanke shi. Sai dai mu lura da abu biyu. Yaron da aka ɗauka soja a 1942 yana ɗan shekara goma sha takwas, ba a ma haife shi ba lokacin Burmi. Sannan ba fareti muke nema a yi masa ba, tambaya muke nema a yi: me aka yi masa, me ya yi, me ya gani? Wanda ya tsani mulkin mallaka da gaske shi ya fi kowa buƙatar wannan tarihi, domin a nan hujjarsa take. Ingila ta hana bulala a rundunarta tun 1881, amma ta ci gaba da zane sojan Afirka har ƙarshen yaƙin Hitila. Hafsoshi kusan duka farar fata ne. Seth Anthony na Gwalkwas, wanda ya zama hafsa a 1942 ya kuma yi yaƙi a Bama, labarinsa ya shahara ne saboda irinsa ba su da yawa. Wata takardar gwamnati ta 1945, wadda wani ɗan jarida ya tono a 2019, ta nuna yadda aka tsara kuɗin sallama a rundunonin Gabashin Afirka: kurtu farar fata sule 10 a kan kowane watan aiki, baƙar fata mai irin muƙaminsa sule 3 da sisi. In muka juya wa waɗannan mutane baya da sunan kishin ƙasa, mun taya wanda ya cuce su ɓoye shaida ke nan.

Mu dubi maƙwabta. A Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disambar 1944, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga zaman fursuna a hannun Jamus, laifinsu kawai neman haƙƙinsu na albashi. Faransa ta ce mutum 35 ne suka mutu, masana tarihi suka ce adadin ya fi haka nesa. Mutanen Senegal ba su bar maganar ta kwanta ba. Ousmane Sembène ya yi fim a kanta a 1988, aka yi ta rubutu ana matsawa, har a 2024 shugaban Faransa ya amsa cewa kisan kiyashi ne. A Akara, ranar 28 ga Fabrairun 1948, tsofaffin sojoji suka yi maci zuwa fadar gwamna kan alkawuran da ba a cika musu ba, aka harbe uku: Saja Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya tana cikin abin da ya gaggauta 'yancin Ghana, kuma har yau duk shekara ana zuwa wurin a ajiye furanni a ambaci sunayensu. Su ma sojan Nasara ne. Mutanensu ba su ga wannan a matsayin dalilin mantawa da su ba. Mu fa, sunan mutum nawa za mu iya kawowa daga Kaladan?

Uzuri na uku shi ne na 'yan zamani irinmu: ga 'yan bindiga, ga tsadar rayuwa, ga rashin aiki, wa ke da lokacin labarin shekara tamanin? Amsarmu ita ce a je bariki a tambayi matar sojan da aka kashe a Sambisa ko a dajin Zamfara yadda take bin haƙƙin mijinta daga ofis zuwa ofis. Al'ummar da ta saba ɗaukar soja kamar harsashi, a harba a manta da kwanson, ba jiya ta koyi halin ba. Ranar 15 ga Janairu ana sakin tattabaru ana busa begila, ana ambaton 'yan mazan jiya a dunƙule, ba suna ba gari. Haka aka yi wa na Bama, haka ake yi wa na yau.

Yanzu ga abin da sana'armu ta koya mana, wanda shi ne ainihin abin da ke hana mu barci. A arewacin Rangun akwai maƙabartar Taukkyan, inda aka rubuta sunayen mutum kusan 27,000 da suka mutu a yaƙin Bama ba a san kabarinsu ba. Hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta zuba sunayen a intanet, kowa na iya bincikawa kyauta. Mun zauna mun bincika. Abin da za ka gani shi ne sunan yanka haɗe da sunan gari: wane Kano, wane Zariya, wane Sakkwato, wane Bauci. Akawun ɗaukar soja bai damu da sunan uba ba, ya ji suna ya rubuta yadda kunnensa ya ba shi, ya liƙa masa garin da ya ce ya fito, ko garin da aka ɗauke shi. Duk wanda ya taɓa tsara rumbun bayanai ya san cewa irin wannan suna ba ya bambance mutum da mutum. Audu nawa ne a Kano a 1943? Abu ɗaya ne tak ke ware kowane soja daga saura, lambarsa ta aiki. Lambar nan tana cikin rajistar Turawa, tana kuma cikin takardun da iyali ke riƙe da su: littafin sallama, takardar fansho, wasiƙar da aka aiko daga fagen fama, takardar sanar da mutuwa. Su ne igiyar da ke ɗaure sunan da ke jikin bango a Rangun da wani gida a Rano ko Zuru ko Numan. Ranar da gara ta ci takardar, igiyar ta tsinke, kuma babu gwanin kwamfutar da zai iya ƙulla ta. Littafin Kofur da aka watsa bola, watakila shi ne hanya ta ƙarshe ta sanin bataliyarsa, da inda ƙafarsa ta lalace, da waɗanda suka tafi tare ba su dawo ba.

Kada kuma mu ɗauka wasu za su adana mana. Ita kanta hukumar kaburburan ta amsa a rahotonta na 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, galibinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu ba ko ba a tuna da su ba sam. Wanda ya yi maka haka sau ɗaya, ba ka ba shi ajiyar tarihinka ka koma ka kwanta. A zamanin nan kuwa, abin da ba a rubuta an shigar ba daidai yake da abin da bai faru ba. Yaranmu waya suke tambaya, waya kuma abin da aka zuba mata take mayarwa. Game da saukar sojojin ƙawance a Normandi akwai littattafai da finafinai da ba su ƙirguwa. Game da Kaladan da Hausa, a gwada bincikawa a ga abin da zai fito.

Marubuta, ku ma ba za mu tsallake ku ba, tunda a dandalinku muke. Sa'adu Zungur ya yi waƙar maraba da sojojin nan da suka dawo, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta bi labarin yaƙin tun daga shekarar da aka kafa ta, 1939. Daga nan me muka ƙara? Isaac Fadoyebo, wanda aka harbe a gaɓar Kaladan, wasu Musulmin ƙauye suka ɓoye shi wata tara suna ciyar da shi a ƙarƙashin hancin Japanawa, ya zauna ya rubuta abin da ya same shi da Turanci, shi ya sa wani ɗan jaridar Ingila, Barnaby Phillips, ya iya bin sawunsa ya yi fim da littafi. Biyi Bandele, haifaffen Kafancan, ya rubuta ƙagaggen labari a kan yaron da ya shiga Chindit, shi ma da Turanci, a 2007. Harshen da aka yi faretin da shi, aka yi zagin da shi, aka yi kalmar shahada da shi a bakin mutuwa, shi ne ya yi shiru. Muna fitar da littattafai ɗari-ɗari a kan ɗan mai kuɗin da ya dawo daga Dubai. Ina labarin matar da aka ɗaura wa aure wata biyu kafin a tafi da mijinta, ta jira shekara huɗu ba ta san ko matar aure ce ko mai takaba ba? Ina na ɗan dakon da ya haye teku ya ga Bombai, ya dawo ya tarar an ba wani gonarsa? Ina na malamin da ya yi limanci a cikin ramin yaƙi? Wanda ya ce ba shi da abin rubutawa bai tambayi kakarsa ba ne.

Waɗanda suka je sun ƙare, in ma akwai saura sun haura shekara 95. Amma 'ya'yansu suna nan, sun ji labarin daga bakin mai shi, su ma kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Aikin da ya rage bai buƙatar kwangila ko kwamiti. Duk wanda aka taɓa ce masa kakansa ya je yaƙin Hitila, ya je gida wannan sallar ya nemi adakar. Ya ɗauki hoton kowane shafi da wayarsa, gaba da baya, musamman inda lamba take. Ya zaunar da gwaggo ko kawu ya naɗi muryarsu: wane gari aka ɗauke shi, wa ya tafi tare da shi, yaushe ya dawo, me yake yi in ya ji tsawa. 'Yan'uwanmu na Nijar su yi haka da takardun waɗanda Faransa ta ɗiba daga Damagaram da Maraɗi da Tawa. Ɗaliban tarihi su shiga gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa su bi fayilolin larduna na shekarun yaƙi. Mu kuma masu kwamfuta, da muke iya kwana uku muna gina manhajar sayar da takalma, babu abin da zai hana mu gina rumbu ɗaya buɗaɗɗe, da Hausa, mai suna da lamba da gari da bataliya da hoto da murya, a ajiye kwafinsa a wurare da yawa yadda ba zai mutu da mutuwar kamfani ɗaya ba. Ta fuskar fasaha aikin sati biyu ne. Abin da ya yi ƙaranci shi ne waɗanda suka ɗauki abin da muhimmanci.

Mun koma unguwar bara. Dakalin yana nan, an yi masa sabon siminti, wani yaro yana sayar da katin waya a kai. Muka tambayi jikan Kofur, wanda tare muka yi ta buga masa ƙafa, ko ya san lambar kakansa ko bataliyarsa. Ya ce bai sani ba. Muka tambaye shi sunan tsohon na yanka, ya faɗa mana, muka rubuta. Shi ne layi na farko a rumbun da muka fara, sauran gurabensa duk babu komai. Allah Ya jiƙan Kofur, Ya yafe mana dariyar da muka yi masa. Wanda adakar gidansu ke nan har yanzu, ya buɗe ta kafin damina.